Kwalekwale a Ƙasar Tudu

Zakirai ba garin ruwa ba ne. Duk inda ka waiga gona ce ta haɗa iyaka da gona, gero da dawa da wake da gyaɗa, ga kuka da ɗorawa da gawo tsaitsaye a tsakani, babu filin da ake bari ya huta. Yaro kan tashi a nan har a yi masa aure bai taɓa sa ƙafa a kwalekwale ba. Jirgin da iyayenmu suka sani na ƙasa ne, wanda ya ratso ta nan tun da aka shimfiɗa dogo daga Kano zuwa Nguru a wajejen 1930, yana kwasar gyaɗa. Ruwanmu na rijiya ne da na kududdufi, burtsatse ma daga baya ta zo. Mai son ganin kogi na sosai sai ya yi gabas zuwa Ringim, ko ya gangara kudu zuwa Wudil.

Duk da haka akwai kwalekwale a ƙasar nan, sai dai ba a ruwa yake ba. A bakin tsofaffin rijiyoyi da cikin garken masu kiwo akan ga komin itace da ake zuba wa dabbobi ruwa ko dusa. Yawancinsu don haka aka sassaƙa su, gajeru ne masu kauri, kai da gindi duk ɗaya. Jefi-jefi kuwa sai ka ci karo da wanda ya fi sauran tsawo, gefensa ba kauri, bakinsa guda a tsuke ya ɗan ɗaga sama, ɗaya ɓangaren an datse da zarto an toshe da katako. Wannan ba don shanu aka yi shi ba. Rabin kwalekwale ne da ya gama aikinsa a kogi, wani ya saye shi da araha ya ɗoro a amalanke. Irin wannan guda ɗaya ne ya zama sanadin aikin da na shiga bayan na ajiye alli.

Wanda bai yi ritaya ba yana ɗauka hutu ne zalla. Ka shekara 35 ana jiranka kullum da safe, yara sun yi layi, rajista na kan tebur, sai kawai a wayi gari babu mai jiranka. Ka dawo daga sallar asuba, ka sha koko, ka zaga gona, to sauran yinin fa? Ga mu nan birjik a gindin darbejiya, tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma da malaman gona da na asibiti, kowa da rediyonsa, kowa yana leƙa waya ko fansho ya shigo. Hira ba ta wuce tantancewa da garatuti da tsadar taki. Ba na ganin laifin kowa a cikinmu, haƙƙinsa yake jira, kuma akwai wanda in fanshon ya yi jinkiri gidansa ba a ɗora tukunya. Amma ban da wannan akwai abin da ke cin mutum a ɓoye: ya ga abin da ya sani yana nan a kansa, ƙarfinsa bai ƙare ba, amma ba a neman ko ɗaya.

Wani tsohon hedimasta da ya riga ni ajiye aiki da daɗewa shi ya tsamo ni daga kan bencin. Yana da wani shago a jikin gidansa da ya daina bayarwa haya, a nan yake tara kayan da. Babu allon suna a ƙofa, ba na gwamnati ba ne, yaran unguwa ne suka sa masa ɗakin tarihi. Akwai masaƙa da mazari, akwai akushi da wasaki da fitilar aci-balbal, ga sikelin awon gyaɗa, ga anini da kwabo da sisi da sule a cikin wani kwano mai murfi. A jikin bangon arewa kuma rabin kwalekwalen nan ne kwance, ya cinye kusan tsawon ɗakin. Ya samo shi ne a bakin wata rijiya da ta ƙafe, ana shirin faskara shi a yi girkin biki, ya ba da kuɗin itace aka bar masa.

Ya ce da ni, "Malam, ka zo ka taya ni. Idona ya fara gajiya, kuma hannunka ya fi nawa kyau a rubutu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni fa lissafi na koyar. Ban san kan jirgin ruwa ba."

Ya ce, "Ni ma da haka na fara. Ga tsintsiya can a bayan ƙofa."

Aikin farko ke nan, kuma har yau shi ne mafi yawan aikin. Tsintsiyar laushi ake sa wa jikin itacen, ba ta kwakwa ba, don ta kwakwa tana karce shi. Da hunturu ƙura kan shigo ta kowace kafa, ka share da safe, kafin la'asar ta sake kwantawa. Iskar kuma tana busar da itace har tsagar da ke jikinsa ta ƙara buɗewa, don haka tagar gabas a rufe take da buhu tun daga kaka har bazara. Da damina kuma yoyo ne abin tsoro, da danshin da ke tasowa daga daɓe. Babban abokin gaba dai gara ce. An ɗora kwalekwalen a kan bulo, an sa guntun kwano tsakanin bulon da itacen, kuma kowace safiya sai an durƙusa an haska ƙarƙashinsa da tocila. Abin da ake nema siririn layin jar ƙasa ne da gara ke ginawa ta hau ta cikinsa. In an gan shi a karkare nan take, a bi sawunsa har inda ya fito, a zuba toka. Wanda ya yi sake na mako biyu sai ya tarar da itacen yana nan da siffarsa a waje, ciki kuwa ya zama gari.

Wani ɗan kasuwa mai son alheri ya leƙo rannan, ya ga kwalekwalen duk ya koɗe, ya ce zai aiko da galan na fenti da baƙin mai a shafe shi ya yi kyan gani, kuma baƙin mai na korar gara. Hedimasta ya yi masa godiya sosai, sa'an nan ya ce, "Alhaji, in da hali kuɗin fentin a sayo mana kwano a toshe yoyon can." Haka aka yi. Dalilinsa kuwa yana jikin itacen, ga duk wanda ya yarda ya sunkuya ya duba.

In hasken safiya ya bugi cikinsa a karkace, sai ka ga sawun gizago jere reras kamar kunyoyin gona, kowane sara da faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba, tun daga baki har inda zarto ya datse. Kusa da tsukakken bakin akwai huda da aka ƙona da ƙarfe mai zafi, igiyar ɗauri ta goge gefenta ya yi santsi. A ƙasa ta dama akwai tsaga mai tsawon kamu guda, an cusa mata tsumma da kwalta, an rufe da gwangwanin madara da aka baje, aka bi shi da ƙananan ƙusoshi a jere, tazararsu daidai wa daida. Wanda ya yi wannan facin ya san ransa da na mutane yana kansa. A saman gefen kuma akwai wurare uku da suka lotsa suka yi sumul, inda wuyan shanu ya riƙa gogawa shekara da shekaru suna shan ruwa. Ka ga aikin kogi da aikin rijiya duk a itace guda. Fenti hannu ɗaya ya isa ya shafe wannan duka.

Ni iyakar abin da idona ya iya karantawa ke nan. Sauran sai da mai abin ya zo. Wani dattijo ne daga wajen Ringim da ya yi aikin fito tun yana saurayi, ya zo duba 'yarsa da ke aure a nan, jikansa ya jawo shi ɗakin. Da ya shigo bai kula kowa ba bayan sallama. Ya ajiye sandarsa, ya tsuguna, ya shafa cikin kwalekwalen da tafin hannu tun daga wannan kai har wancan, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya kanga kunne.

"Maɗaci ne," in ji shi. "Kuma bahago ne ya sassaƙa shi."

Na ce, "Baba, ta yaya kuka gane?"

Ya kama hannuna ya ɗora a kan sawun gizagon. "Ji inda saran ya nufa. Na dama daga nan yake faɗowa. Wannan kuwa daga can."

Na ɗauko littafi. Ya yi magana tun hantsi har aka kira azahar, ni kuwa ina ta rubutu. Ya ce ba kowane maɗaci ake sara ba, sai wanda ya miƙe sambal ba reshe har tsayin mutum uku ko fiye, kuma masassaƙi kan kwana a gindin itacen da yaransa har a gama, don ɗanyen gungume ba ya ɗaukuwa sai an rarake shi a inda ya faɗi. Gatari ke fara buɗe cikin, gizago ya gyara. Ƙasan akan bar shi da kauri fiye da gefe don jirgin ya zauna a ruwa kada ya riƙa tangaɗi. Inda ruwa bai da zurfi da gwangwala ake tura shi, sai an kai tsakiya inda gwangwala ba ta taɓa ƙasa a koma filafili. Ba a nufar ƙetare kai tsaye. Sai an hau sama da mashigi tukuna, a bar ruwa ya gangaro da kai inda kake so.

Da ya zo kan lodi sai muryarsa ta canza. Buhuna a tsakiya, mata da yara a zaune a ƙasan jirgi, ba a kan kaya ba, kuma babu mai miƙewa tsaye ko da hularsa ce ta faɗa ruwa. Jaki ba ya shiga, a riƙe igiyarsa ya biyo da iyo a gefe. Yaro guda aikinsa kawai kwarfe ruwa da ƙoƙo. Ya ɗaga yatsunsa huɗu a haɗe ya kanga a gefen kwalekwalen. "In abin da ya rage tsakanin ruwa da baki bai kai haka ba, ko hakimi ne ya zo sai ya jira sahu na biyu. Haka ubana ya koya mini, haka Sarkin Ruwa yake hukunci."

Ya kuma ba da labarin fiton gora, na wuraren da babu kwalekwale. A zuba kayan mutum a babban masaki, shi kuma ya rungumi gora, ɗan fito yana iyo yana tura su har gaci. Wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, ya ga yadda masunta ke kwanciya a kan gora da homa a hannu. A kogunanmu na nan jarka ta karɓe wannan aikin.

Duk wannan bayani babu shi a littafin da na taɓa koyarwa da shi. Yana kan mutum guda ne mai shekaru wajen tamanin, wanda ba a taɓa zama an tambaye shi ba.

A ɗakin nan ne kuma na fara jin cikakken labarin kwalekwalen Dufuna, daga bakin hedimasta, wanda ya manna hotonsa a bango. A watan Mayu na 1987 wani makiyayi Bafulatani, Malam Ya'u, yana haƙa rijiya don shanunsa kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙasar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, ba nisa da kogin Komadugu Gana. Ya yi zurfin kusan mita 5 sai ya ci karo da wani baƙin itace mai tauri. Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, shi kuwa ya tona ya samu abin da ya fi ruwan. Ya tsayar da haƙa, ya je ya gaya wa mai gari, magana ta yi ta hawa har ta kai Jami'ar Maiduguri. A 1994 masana ƙarƙashin Abubakar Garba na wannan jami'a da Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt a Jamus suka tone wurin sosai, sai ga kwalekwale cikakke mai tsawon mita 8.4, faɗinsa rabin mita, an sassaƙa shi daga itace guda dangin maɗaci. Gwajin da aka yi a Jamus ya nuna ya kai shekara 8,000. Babu jirgin ruwan da aka taɓa samu a Afirka da ya kai shi daɗewa, a duniya ma 'yan ƙalilan ne suka girme shi, irin wanda aka tono a Pesse ta ƙasar Holan a 1955. A zamanin da aka sassaƙa shi ba a san ƙarfe ba, da dutse aka yi aikin, amma bakinsa da gindinsa a tsuke suke tsaf, abin da ya nuna wa masanan cewa mutanen sun daɗe da gwanancewa kafin su kai ga wannan. A lokacin tafkin Chadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa. A 1998 aka ciro kwalekwalen aka kai shi Damaturu.

Kada a ɗauka labarin wata ƙasa ce mai nisa. Ruwan da ke wucewa ta Wudil da Ringim shi ne kogin Haɗeja, shi ne ke haɗuwa da na Jama'are ya zama kogin Yobe, wanda Komadugu Gana ke zuba a cikinsa kafin a kai Chadi. Jirgin Dufuna da guntun da nake sharewa 'yan kwari ɗaya ne, itacensu dangi ɗaya, dabarar rarake su ma kusan ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin shi ne tsayawar da Malam Ya'u ya yi. Mutum ne mai neman ruwa a ƙarshen rani, shanunsa na jin ƙishi, ga itace ya tare masa hanya. Da ya sa gatari ya farfasa ya ci gaba da haƙa, babu wanda zai zarge shi, babu ma wanda zai sani. Farfesoshi da na'urorinsu duk bayansa suka biyo. Sa'an nan akwai darasin da ya shafi masu tsintsiya irina. Laka da ruwa ne suka rufe kwalekwalen suka hana iska taɓa shi, shi ya sa ya kai waɗannan shekaru. Ranar da aka fito da shi ranar haɗarinsa ya fara, domin itacen da ya sha ruwa haka in ya bushe da sauri sai ya motse ya tsattsage. Dole aka jiƙa shi a ruwan magani. A Suwidin, jirgin yaƙin nan Vasa da ya nutse a 1628 aka tsamo shi a 1961, shekara 17 aka yi ana fesa masa irin wannan magani kafin a yarda ya bushe. Tono na 'yan makonni ne, tsaro kuwa ba ya ƙarewa.

A Masar ma, da aka buɗe wani rami a gindin dalar Fir'auna Khufu a Giza a 1954, an tarar da jirgin ruwa a wargaje, guntu 1,224, ba wanda ya san yadda za a mayar da shi. Mutumin da aka ɗora wa aikin, Alhaji Ahmad Yusuf, sai ya tafi wurin masu ƙera jirage a bakin kogin Nilu ya zauna yana kallon hannunsu yana tambaya. Da wannan ya shafe shekaru yana harhaɗawa har jirgin ya tashi, tsawonsa ya haura mita 43. Ko a can ɗin, da duk iliminsu, sai da aka koma wurin masu sana'a. A Ingila kuwa akwai gidan tarihin jiragen ruwa a Ellesmere Port, kusa da Liverpool, da aka buɗe a 1976. Ba gwamnati ce ta faro shi ba. Wasu mutane ne suka ga jiragen dakon kaya na magudanan ƙasarsu suna ruɓewa, suka haɗa kai suna zuwa aikin sa kai, kuma har yanzu masu sa kai na cikin masu riƙe da wurin.

Namu jiragen a hankali suke ɓacewa, ba mai lura. Gada ta kashe fito a manyan mashigai. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992 sun canza yadda kogin ke cika da janyewa. Maɗacin da zai ba da kwalekwale guda ya yi wuya a daji, don haka na yanzu na katako ne da ƙusa, wasu da inji a baya. Ba na kukan wannan, gada rahama ce, duk wanda ya taɓa kai mai naƙuda asibiti da damina ya sani. Abin da nake jin ciwonsa shi ne ilimin da ke tafiya tare da tsofaffin, alhali ba mu rabu da ruwa ba. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, ɗauke da mutanen Badau, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa rayuka fiye da 20. Rahotanni sun ce lodi ne ya yi yawa. Allah ya jiƙansu. A ambaliyar 2022 kuma garuruwa da dama a Jigawa sai da kwalekwale ake shiga ana fita. Duk lokacin da na tuna waɗannan sai yatsu huɗun dattijon nan su faɗo mini. Na rubuta maganarsa da manyan baƙaƙe na liƙa a saman kwalekwalen, ita ce abin da nake fara karanta wa duk wanda ya shigo.

Aikin sa kai ba baƙo ba ne a wurinmu. Da gayya muke noma gonar marar lafiya, da gayya muke yashe rijiya da gyaran maƙabarta. 'Yan agaji na tsaye a rana a filin idi ba a biyansu, 'yan sintiri na kwana a waje don mu yi barci. Sai dai ba mu saba lissafa adana kayan tarihi a cikin irin wannan ba. Abokan zamana na gindin darbejiya sukan tambaye ni, "Malam, nawa yake ba ka?" In na ce ko sisi, sai wani ya ce, "To mece ce ladar share itace?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma amsar da nake bayarwa ita ce ilimi nake tsarewa, irin wanda na yi rayuwata ina bayarwa, sai dai wannan karon ni ne ɗalibi kafin in zama malami. Wanda fanshonsa bai isa ba, dole ya nemi na cefane tukuna, wannan babu ja. Amma akwai da yawa a cikinmu da 'ya'ya suka ɗauke wa nauyi, safiyarsu a sake take.

Muna da gidajen tarihi na sosai. Ga Gidan Makama a birnin Kano, ginin zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979. Ga Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, ga gidan tarihin Kanta a Argungu. Suna da ma'aikata masu horo, kuma ya kamata duk mai irin ɗakinmu ya je ya koyi yadda ake rajistar kaya a wurinsu. Amma ma'aikacin da ke birni ba zai iya zaga kowace rijiya da kowane zaure a Gabasawa da Gezawa da Minjibir ba. Ba shi ne zai ji an ce gobe za a faskara wani abu ba. Ɗan gari ne zai ji, wanda ya koyar da rabin magidantan garin, wanda in ya ce a dakata za a dakata.

Rajistar ita ce aikina na biyu bayan shara. Kowane abu da lambarsa, da ranar da ya shigo, da garin da ya fito, da wanda ya kawo, da abin da ya faɗa a kansa da bakinsa. Abin da aka ji daban, abin da aka tabbatar daban, ba a gwama su. Kayan da ba a rubuta labarinsa ba, ranar da mai ɗakin ya kwanta dama magada za su ga tarkace ne kawai, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Ranar Alhamis malaman firamare kan kawo 'yan aji. Kusan kowane rukuni sai an samu wanda ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, na Annabi Nuhu ne?" Daga nan hira ke buɗewa. Ba ma barinsu su shiga ciki, itacen ba zai ɗauka ba, amma wani kafinta ya yanka mana filafili na katako, kowa ya riƙa ya gwada tuƙi a iska. Sai in sa su auna tsawon guntun da taku, su ninka biyu, su kwatanta da mita 8.4 na Dufuna da muka zana da farar ƙasa a jikin katangar waje. Wata yarinya ta daɗe tana kallon facin gwangwanin nan, ta ce, "Malam, wanda ya buga ƙusoshin nan yana da rai?" Na ce mata kakan wani ne a bakin kogi, kuma aikinsa ya riƙe har yau. Da aka tashi ta ce kakarta 'yar Wudil ce, za ta tambaye ta ko ta taɓa shiga irinsa. Bayan 'yan kwanaki ta dawo da shafi guda cike da rubutu, na ba shi lamba na sa a rajista.

Dattijon Ringim ya koma gida, mun yi alkawari in an sha ruwa zan bi shi da waya mai ɗaukar murya, ya kai ni wurin sauran abokan fitonsa da suka rage. Ya ce ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

'Yan'uwana 'yan fansho, abin da ake bukata littafin rubutu ne da biro da haƙurin zama. In akwai tsoho a gidanku ko a unguwarku da ya taɓa yin fito, ko su, ko sassaƙa, ko saƙa, ku je ku gaishe shi a ranin nan, kada ku bari sai baɗi. Ku tambaye shi yadda ake yi tun daga farko, ku ɗauki muryarsa, ku rubuta sunan garinsa da ranar da kuka zauna da shi.